Shekarar Da Na Dafa Irin Inna

Ran nan muna cin tuwo a tsakar gida, jikata Hauwa'u da ke karatu a Kano ta kai loma, ta lumshe ido ta ce, "Dilishas." Na ce ke kuma wace cuta ce ta kama ki? Ta yi dariya ta ce Turanci ne, haka suke cewa in abinci ya kai maƙura wajen daɗi. Na ce to su Turawan a ina suka tsinto ta? Ashe ja'irar ta sani. Wai malaminsu ya ce su ma aro suka yi daga wani tsohon yare na mutanen da suka shuɗe, kuma can asali ana nufin abin da ke jan hankalin mutum, ya rarrashe shi har ya saki hanyar da ya kama. Sai na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce a raina, lallai wanda ya fara furta wannan kalma ya taɓa jinyar wanda ya ƙi abinci. Don ni da idona na ga ɗanɗano ya tare mutum a kan hanyar barin duniya, ya juyo da shi gida da ikon Allah. Shi ya sa zan ba ku labarin, ku 'ya'yana, in kuma gyara abin da Gwaggonku Larai ta cusa muku tun kuna yara, wai kwaɗayin ciki ne ya sa na dafa irin kakarku. Allah ya jiƙan Larai, amma bakinta ya fi tunaninta sauri. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to ga tawa.

Daga Gagarawa aka kawo ni Ɗanzomo, gidan mahaifinku. Mu huɗu ne a gidan: shi, da ni, da mahaifiyarsa wadda duk muke kira Inna, sai ƙanwarsa Larai da ke aure a Gumel amma ƙafarta ba ta ɗaukewa daga gida. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Ta-Gagarawa take ce mini. Doguwa ce, mai kaifin harshe, 'yar wani ƙauye can cikin ƙasar Damagaram, kuma sana'arta daddawar batso. Ku yaran dunƙulen kanti ba lallai ku san ta ba. Yakuwar nan da kuke shan zoɓonta, 'ya'yanta su ne gurguzu, su ake dafawa a rufe su ruɓe, a daka, a shanya, su zama daddawa. Mata da yawa suna yi, amma ranar kasuwar Maigatari ba a fara taya ta kowa sai ta Inna ta ƙare. Masu raƙuma daga arewa sukan bar sallahu tun mako guda. Ta kowa ana cewa tana da ƙarfi ko tana da wari, tata kaɗai na ji ana cewa tana da garɗi.

Ni da na zo, ban san bambancin ba. Komai ya yi mini, daɗi nake cewa. Wata rana ta miƙo mini guntun rake na sha na ce da daɗi. Ta miƙo soyayyen riɗi na tauna na ce da daɗi. Sai ta harare ni.

"Ta-Gagarawa, a gidanku harshe ɗaya ake rabawa mutum goma? Rake zaƙi gare shi. Zaƙi a bakin ƙofa yake tsayawa, ya yi sallama ya wuce, shi ya sa yara ke son sa. Riɗin nan kuwa, haɗiye ki jira. Kin ji abin da ya dawo ta bayan harshe ya zauna? To shi ne garɗi."

Na ce, "Inna, daga ina garɗin ke zuwa?"

"Daga wahala. Abin da bai sha wuta ba, ko bai kwana a rufe ba, ba ya garɗi."

"A'a, kalmar nake nufi. Wa ya raɗa mata suna?"

"Oho. A bakin uwata na same ta, ita ma a bakin tata. Tare da irin aka ba ni."

Irin nan shi ne asirin duka. Yakuwar Inna daban ce, gajera mai jan kara, 'ya'yanta manya masu maiƙo. Ranar da za a kai ta ɗakin miji uwarta ta ɗura mata su a ɗan gora ta toshe da toka, kamar yadda ita ma aka yi mata. Kuma akwai ƙa'ida. Duk kaka, kafin a dafa ko ƙwaya ɗaya, sai an cika goran nan da mafi kyawun gurguzu. Abin da ya shiga gora ya zama iri, ya haramta ga tukunya, ko da yunwa za ta kashe gida. In damina ta zo kuma ba a juye shi duka a ruwan farko. Kashi-kashi ake yi, don ruwan ƙasarmu mayaudari ne, yakan sauka ka yi shuka ya ɗauke ƙafa, sai ka sake, wani lokaci ka kuma sakewa. Macen da ta dafa irinta, har jikokinta sai an yi musu gori da ita.

Sai ga shekarar fari, wadda ta zo daidai da lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira. Damina biyu a jere sama ta hana. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shanun Fulani da na Buzaye suka riƙa gangarowa daga arewa suna faɗuwa a bakin hanya, a Maigatari ana sayar da saniya kuɗin akuya ba mai taya. Rijiyarmu, wadda da ma sai an haɗa igiya da igiya, ta koma ba da laka. Muka koma cin jar dawar agaji mai warin buhu, da tafasa, da ganyen da a da ko akuya ba ma ba. Yakuwar Inna ba ta yi abin kirki ba, ɗan abin da aka tsinta da ƙyar ya cika goran iri. Matan da ta taɓa ɗiba wa irin, har da Larai, duk sun yi asararsa a gona ko sun cinye a ɓoye. A iya saninmu, goran nan shi kaɗai ya rage.

Da zafin bazara Inna ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Mahaifinku ya ɗora ta a motar kasuwa zuwa Gumel, aka yi mata allurai, zazzaɓin ya sauka. Malamin asibiti ya ce ciwo ya tafi, abinci kawai take bukata. To a nan gizo ke saƙar. Ciwon ya tafi da hancinta da harshenta. Matar da ke tsayawa a zaure ta gaya miki kin ƙona albasa, yanzu ko hayaƙi ba ta ji. Duk abin da aka sa mata a baki sai ta ce ƙasa ce. Na dama kunu, ta kawar da kai. Mahaifinku, da ke dakon kaya a kasuwar Maigatari, ya hana cikinsa ya sayo mata kilishi, ya sayo kifin gwangwani na Faransa da ake shigowa da shi ta iyaka, ya sayo sukari da shayi. Ta taɓa ta tofar. Larai ta zo da daddawar kalwa daga Gumel ta yi miya da kanta, Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ture kwanon.

"Ku daina ɓarnar abinci a shekarar yunwa. Bakina ya riga ni mutuwa, bin sa zan yi."

Ba wasa take ba. Ruwa kawai ke wucewa. Mace mai tsayi kamar Inna ta koma ina ɗaga ta ni kaɗai in juya ta, alhali ina da ciki wata shida, cikin babban yayanku. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don duk kaifin harshenta ina ƙaunar matar nan. Ita ta koya mini komai, kuma ba ta taɓa kai ƙarata wurin ɗanta ba, a gabana take wanke ni tas ta wuce wurin. Wata safiya ta sa na ciro goran daga inda yake rataye, ta ɗora hannuna a kai.

"Riƙe. Larai hannunta rariya ne. In ruwa ya sauka bayan ba ni, ki raba shi kamar yadda kika ga ina yi. Ko kusa da murhu kada ki bi da shi."

Na karɓa na kai ɗakina. Wallahi tun daga ranar tunani ɗaya ya hana ni sakat. An gwada mata abincin Gumel, an gwada na Faransa, ba a gwada nata ba. Harshen da ya tashi da ɗanɗano ɗaya tun yana shan nono, in akwai abin da zai tashe shi, ai shi ne. Amma batso ba a yin ta da ɗan kaɗan, sai da yawa take kama zafi ta ruɓe, in ta yi kaɗan bushewa take ta lalace. Ko in dafa kusan duka, ko in bari. Na samu mahaifinku yana gyaran igiyar guga na faɗa masa. Ya ci gaba da gyaran igiyarsa ya ce:

"Iri na mata ne, ba ni da baki a ciki."

"Na sani, Malam. Shawara nake nema."

"In bai yi ba fa? Kin rasa ta, kin rasa shi."

"In ban gwada ba, na rasa ta tabbas."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma washegari da na fito, na tarar da damin itacen ƙirya a bayan rumbu da tulu biyu cike da ruwa, a lokacin da ruwa ya fi mai tsada. Ban tambaye shi ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Na buɗe goran, na ɗebi cikin tafin hannuna ɗaya na mayar na toshe. Sauran na sheƙe, na wanke, na zuba a tukunya. Na san amana nake dafawa. Tun hantsi nake iza wuta har rana ta yi sanyi, sai da ƙwayar ta yi laushin da za ta murje tsakanin yatsu. Na tsane, na zuba a tukunyar Inna ta ruɓi, na rufe da ganye da tsumma, na tura ƙarƙashin rumbu. Da ta kwana biyu na daka da ruwan toka na sake rufewa. A bayan gida na yi komai, ban ma damu da ɓoyewa sosai ba, tunda mai hancin da nake tsoro hancinta ya mutu. Larai ce ta zo ta gano. Ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Kin kashe mu! Irin kakanninmu? Wallahi kwaɗayin cikin nan ne, ba don Inna kika yi ba!"

Na ce mata in kwaɗayi ne, ai da soyawa zan yi in tauna, ba in sha hayaƙi yini guda ba. Ta ce sai ta faɗa wa Inna. Na ce bismilla, in kina son ki ƙarasa ta. Ta fasa kai ƙarar, amma daga ranar ta samu labarin da ta yi ta ba ku.

Ranar da daddawar ta nuna, da hantsi, na durƙusa na ɗaga tsumman. Warin batso kuwa ba ya neman izini. Ya tashi ya cika bayan gida, ya bi iska ya zagaya. Ina cikin kwashewa sai na ji wata murya daga ɗakin Inna, muryar da ta kwana da yawa ba ta wuce raɗa ba.

"Wa ya buɗe tukunya?"

Na tsaya da ludayi a hannu kamar an dasa ni. Larai da ke tsakar gida ta saki tsintsiya. Muryar ta sake fitowa, har da 'yar tsawa.

"Na ce wa ya buɗe mini tukunya? A rufe gefe, iska za ta shiga!"

Allahu Akbar. Matar da aka ƙona tsumma a gaban hancinta ba ta ji ba, ta jiyo wannan ta bayan katanga. Ban jira shanya ba. Na ɗebi ɗanya na jefa a ruwa, na sa ɗan gishiri da barkono, na kaɗa kuka, ba nama ba mai. Na tuƙa tuwon jar dawar nan mai laushi. Na shiga na tashe ta na jingina ta da bango. Ta dubi kwanon, ta dube ni. Ta sa yatsa ɗaya ta lakato miyar ta ɗora a harshe, ta rufe ido. Ni dai ina kallon maƙogwaronta. Ta haɗiye, ta jira, yadda ta koya mini. Sai na ga hawaye ya biyo kuncinta.

"Wannan ba gurguzun kasuwa ba ne."

"A'a, Inna."

"Nawa kika rage?"

"Tafin hannu."

"Tafin hannu." Ta jinjina kai. "Na ba ki amanar uwata, kin sa ta a wuta. Allah ya isa tsakanina da ke, Ta-Gagarawa."

Maganar ta soke ni har ƙashi, na sunkuyar da kai ina jiran ta ture kwanon. Sai na ji ƙarar loma. Na ɗago, na ga ta yanko tuwo ta dulmiya a miya. Tana kuka tana ci, tana zagina tana ci. Ta ce na cika ruwan toka. Ta ce wutar farko ta yi yawa. Ta cinye ta suɗe kwanon, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba ta ce in ƙaro. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, na fita ina tuntuɓe. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Da na dawo ta ce a kira ɗanta, a kira Larai, kowa ya zo da hannunsa. Muka zauna a gabanta mu uku. Ta hana mu tuwo, ta ce miyar zalla za mu ɗanɗana.

"Kada wanda ya yi sauri. Ku ɗora a harshe, ku haɗiye, ku jira. Ku riƙe shi da kyau. Mai yiwuwa daga wannan tukunya babu shi kuma a duniya."

Na sha cin daddawar nan a baya, amma ranar ce na fara jin ta. Da farko gishiri da yaji. Da suka wuce sai wani abu ya taso daga can ƙasa, mai nauyi, mai maiƙo, kamar ƙanshin ƙasa in an yi ruwan farko, ya cika baki ya zauna ya ƙi tafiya. Na yi mamakin Ubangijin da ya ɓoye wannan a cikin ƙwaya mai taurin tsakuwa, ya kuma sanar da wata mata can a zamanin da ba wanda ya sani cewa sai an dafa an bari ya ruɓe zai fito.

Da daddawar nan Inna ta tashi. Na shanya sauran, ina gutsura mata kaɗan-kaɗan a miya, kafin ta ƙare bakinta ya buɗe ga sauran abinci. Lokacin da hadari ya fara haɗuwa tana takawa da sanda. Ita da kanta ta raba tafin hannun nan gida biyu. Ruwan farko ya sauka, muka shuka rabi a gefen gona. Ya tsiro gwanin sha'awa, jan kara kamar an shafa lalle. Sai sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus. Ruwa ya dawo muka shuka ragowar. A shekarar ne ɓeraye suka yi yawa a gonaki, masu bin rami suna tone shuka, ba su bar mana ko ɗaya ba. Ruwa na uku shi ne na gaskiya, wanda ya tsaya har kaka, wanda kowa ya samu amfani da shi. Da goran yana cike, da akwai kashin da zai tarbe shi. Muka je gonar ni da ita, ta tsaya ta dubi layin da babu komai, ta juya muka dawo. Na yi kuka ranar, kuka sosai, amma ban yi nadama ba, kuma har gobe ban yi ba.

Mahaifinku ya tsallaka iyaka har ƙauyen su Inna neman irin. Ya tarar fari ya watsa garin, 'yan tsofaffin da suka rage suka ce an cinye tun bara. Muka koma sayen gurguzun kasuwa. Hannun Inna bai canja ba, amma masu raƙuma suka ɗanɗana suka ce, "Inna, lafiya?" Sannu a hankali sallahu ya ƙare, ta zama mai daddawa kamar kowa. Ta yi wata da watanni ba ta yi mini magana sai ta dole. Ranar da na haihu ne ta karɓi jaririn ta wanke shi, ta ce da ni in matsa in ba ta wuri, daga nan aka ci gaba da zama. Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Amma ita ta goya ku, ku huɗun farko, a bayan nan da na riƙa juyawa kamar kara. Ita ta yi muku tatsuniya, ita ta raka babbar yayarku ɗakin miji da ƙafarta.

A ciwonta na ƙarshe, tsufa ne kawai, ina zaune ina yi mata fifita da la'asar sai ta kamo hannuna.

"Ta-Gagarawa, yana nan a bakinki?"

Ban tambaye ta me ba. Na ce, "Yana nan, Inna."

"Ni ma. Duk abin da na ci tun daga ranar, da shi nake aunawa." Sannan ta ce, "Kin cika ruwan toka dai."

Mu huɗu muka ɗanɗana miyar ranar. Inna ta tafi, mahaifinku ya bi ta, Larai ma ta tafi shekarun baya. Kun sha tambayata yaya daddawar kakarku take, ina cewa da garɗi, kuna gyaɗa kai kamar kun gane. Ba ku gane ba, kuma ba laifinku ba ne. Kalmar kaɗai na iya ba ku. Abin da take nufi yana nan a bayan harshena, ni kaɗai a duk duniya, kuma ranar da aka ɗauke ni za a ɗauke shi.